Shekarar da Na Kai Kurtunan Tagulla ga Maƙeri

Ranar sunan ɗiyar ɗan'uwanku Aminu na ji wata magana da ta tsaya mini a rai. Ina zaune a zaure ina jiran la'asar, ku kuna tsakar gida kuna hira, sai na ji ɗayanku yana gaya wa amaryarsa cewa kurtunan tagullan da ke cikin kabad ɗina, Baffa Nomau ne ya zo daga Argungu ya sa aka goge musu kawuna, wai don ba ya son ganin ƙaninsa da abin sha'awa. Na kasa kunne in ji ko wani zai musa. Babu wanda ya musa. Ashe haka kuka ɗauka duk shekarun nan, kuma shirun da na yi ne ya jawo. Baffanku yana kabari, ba zai iya kare kansa ba. Ni da na rage, bari in faɗa muku yadda abin ya kasance tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Kurtu na farko kyauta aka yi mini. Lokacin ina ƙaramin akawu a nan Birnin Kebbi, a ƙarƙashin wani dattijo, Malam Dikko, wanda ya koya mini rubuta wasiƙar ofis ba tare da na ɗiga tawada a takarda ba. A kan teburinsa akwai gidan tawada na tagulla, girman dunƙulen hannu, mai ƙafa huɗu, wanda wani Bature ya bar masa da zai koma ƙasarsu. A kan murfin akwai wata halitta kamar maciji, amma da ƙafafu da gemu, ta nannaɗe jikinta ta ɗaga kai, baki buɗe. A jikin kurtun an zana gajimare da wani dogon gini mai rufi hawa-hawa, bakin kowane rufi ya lanƙwashe sama. Shekara shida ina tsoma alƙalami a cikinsa, ban taɓa gajiya da kallonsa ba. Ranar da Malam Dikko ya ajiye aiki, ya naɗe shi a hankici ya miƙo mini.

"Riƙe, Manu. Na daɗe ina ganin yadda kake kallonai. In na kai shi gida, ɗiya za su mai da shi abin wasa."

Daga nan abin ya shiga jinina. Biro ya zo ya kori tawada, ofisoshi da tsofaffin kantunan Turawa da na Larabawa 'yan Kwara suka riƙa fitar da kayan da suka daina amfani da su, maƙera suna kwashewa suna narkawa su yi munduwa da zobe. Ni kuwa na riƙa bin gwanjo da rumfunan maƙera, daga nan har Jega da Gwandu da Sakkwato. Ba kowane kurtu nake ɗauka ba, sai mai irin wannan zane. Cikin shekara goma sha biyar na haɗa guda tara. Akwai mai siffar furen bado, irin wanda ke rufe tafkunan fadamarmu. Akwai mai wani ɗan mutum da malfa a kansa yana kamun kifi a kan gada. Akwai mai zalɓe biyu sun miƙa wuya, akwai wanda kwaɗo ke zaune a kan murfinsa. Wani malamin kwaleji ɗan Pakistan da ya ziyarce ni ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya ce mini zanen na mutanen Sin ne, amma ƙirar ta Turai ce. Maƙeran da suka yi su ba su taɓa taka ƙasar Sin ba, a jikin kofunan shayi da yadudduka suka ga zanen suka kwaikwaya. Shi ne kuma ya hana ni dirza su da toka da tsamiya, ya ce duhun da ke jikinsu shi ne shekarunsu. Na sa kafinta ya yi musu kabad mai gilashi a ɗakina. Duk ranar Asabar sai in fito da su in share da tsumma mai laushi, in jera, in zauna ina kallo. Mahaifiyarku Luba tana ce musu kishiyoyinta tara.

Kakarku Inna tana wurina tun rasuwar mahaifinmu. Haka muka shirya da Yaya Nomau: shi yana Argungu da gonakin shinkafar gado da karatun da yake bayarwa a zaurensa, ni ina unguwar Nasarawa kusa da asibiti da famfo, Inna ta zauna inda jikinta zai fi samun hutu. Ɗakinta bango ɗaya da nawa. Lokacin da take gani sosai takan ce in miƙo mata macijin nan mai gemu, ta juya shi a hannu tana dariya, ta ce wanda ya ƙera shi bai taɓa haɗuwa da kububuwa a gona ba. Sannu a hankali idonta ya dushe. Duk muka ce tsufa ne, ita ma ta ce tsufa ne, aka bar maganar.

A farkon daminar shekarar da nake ba ku labari, muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato a lokacin, na dawo daga aiki da la'asar na ishe Inna a kan tabarma, Luba tana tankaɗe. Ina jingine babur na ji Inna ta ce:

"Luba, kore min wanga abu daga bakin randa."

"Wane abu, Inna? Ban ga komi ba."

"Macijin mijinki mana, mai gemu. Ga shi nan ya ɗaga kai. Ga kuma 'yan mutane masu malhwa suna bin katanga, ɗaya bayan ɗaya."

Rariya ta faɗi daga hannun Luba. Na duba bakin randa, babu komi sai moɗa. Inna ba ta tsorata ba ranar, kamar ma abin dariya yake ba ta. Amma da ta ji yadda muryoyinmu suka canza, sai ta bar maganar. Daga ranar kusan kullum sai ta gan su, wani lokaci tsuntsaye masu dogon wuya, wani lokaci dogon gini a inda turmi yake. Ta rage magana, ta rage cin abinci. Kafin mako biyu labari ya zaga Nasarawa cewa akawu yana ajiye gumaka a ɗaki, sun fara fitowa suna bin uwarsa. Matan maƙwabta suka daina shigowa aron tsani ko ɗibar wuta. A masallaci na lura wanda ke kusa da ni a sahu yana barin ɗan fili tsakanin kafaɗarsa da tawa. Wata safiya Luba ta tsaya a bakin ƙofata, idonta ya yi ja.

"Malam, don Allah ka hid da su daga gidan ga. Ko ba su ne ba, ka hid da su."

"Ƙarfe ne, Luba. Ƙarfe ba ya tafiya."

Abin da na ce ke nan, kuma gaskiya na faɗa. Amma ba don gaskiya kaɗai na faɗa ba. Ba na son rabuwa da su ne. Wannan ku rubuta shi a kaina.

Ranar wata Lahadi Yaya Nomau ya iso a cikin a-kori-kura. Ya gaida Inna ya daɗe a wurinta, sannan ya zo ya tsaya a bakin ɗakina, bai shigo ba. Ya dubi kabad ɗin.

"Manu, waɗanga su ne?"

"Su ne, Yaya. Gidajen tawada ne kawai."

"Ni ma da kurtu nit tashi, na duma, ban taɓa ganin mai ido da haƙori ba. Ban ce kana tsahi ba, na san wanda yah haihe ka. Amma kai ma ka yi karatu, ka san abin da anka ce game da ɗakin da ke da siffar mai rai. Uwarmu tana kwana bango ɗaya da su. Zan tahi da ita."

Na yi ta bayani, na kawo maganar malamin Pakistan, na kawo ta maƙeran Turai. Yaya bai ɗaga murya ba, bai kuma sake duban kabad ɗin ba. Luba ta haɗa kayan Inna tana kuka. Da na kama hannun Inna zan sa ta a gaban mota, sai ta matse yatsuna ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Manu, ban haukace ba. Na san ba su nan. Ganinsu dai nika yi."

Wata uku ta yi a Argungu. Yaya ya yi mata duk abin da ya sani. Ya yi rubutu ta sha, aka yi sauka, aka yi hayaƙi, ya yanka akuyarsa ya yi sadaka. 'Yan mutanen masu malfa suka bi ta har can, suna bin dangar gidansa. Ni kuwa duk Asabar, maimakon share kurtuna, sai in hau babur in kama hanyar Argungu. Yaya yakan amsa gaisuwata, ya sa a kawo mini abinci a kwano daban, shi ya ci nasa a ciki. Mu da muka tashi hannunmu a ƙwarya ɗaya. Inna tana ramewa a gaban idona, har zanenta ya fara yi mata yawa. In na dawo gida na buɗe ɗakina na ga macijin nan ya ɗaga kai, sai in ji haushinsa, in ji haushin kaina, amma ban taɓa shi ba.

Wata Juma'a bayan an sauko, na tsaya gaisawa da Malam Garba, wani ma'aikacin jinya da ke zaune a unguwar Badariya. Ya tambaye ni jikin tsohuwa, na kwashe komi na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi mini tambaya biyu. Ta farko, ko ta san abubuwan da take gani ba su nan. Na ce ta sani, da bakinta ta faɗa mini. Ta biyu, ko tsakiyar idonta ya yi fari. Na ce ya yi, kamar an ɗiga nono.

"To, ba aljani ba ne, ba hauka ba ce. Yanar ido ce. Na sha ganin tsofaffi haka. In ido ya daina kawo ma kai abin gani, sai kai ya riƙa hiddo abin da yat taɓa gani da. Ita kurtunanka ta sani, shi ya sa. Likitocin ido suna zuwa asibitinmu wata mai kamawa, mako uku kawai za su yi. Ka kawo ta. Amma in anka yi aiki, dole ta zauna nan kusa, ana duba ta."

Ban ɓata lokaci ba. Washegari tun da sassafe na tafi Argungu. Na ishe Yaya a fadama ana yankan shinkafa, ƙafarsa cikin taɓo har ƙwauri, lauje a hannu. Ya fito kan kunya muka tsaya, na gaya masa abin da Malam Garba ya ce. Ya dubi gulbi.

"Ban ƙi asibiti ba, Manu. Ko Sakkwato ne sai in ɗauke ta a baya. Amma ba ta komawa gidan da abubuwan ga suke. Ka kawo su mu jefa gulbi."

"Yaya, shekara goma sha biyar."

"Ita kuma shekara nawa ta yi tana ɗawainiya da kai?"

Masu yanka suna satar kallonmu. Can sai na tambaye shi, a matsayinsa na malami, in siffofin ba su da kawuna fa? Ya ce abin da ba shi da kai ba siffa ba ne, ya zama kamar icce ko dutse. Ya faɗi haka yana komawa cikin taɓo, don bai ɗauka zan iya ba. Bai ce in yi ba. Ku riƙe wannan. Ni na kawo maganar, ni na zaɓa.

Ranar Litinin na zuba guda shida a buhu, waɗanda ke da siffar mai rai, na bar ukun da ba su da komi sai fure da gajimare. Na tafi unguwar maƙera wurin Kakale, maƙerin farin da na fi ceto kaya daga wutarsa. Na juye su a gabansa na faɗi abin da nake so. Ya dube ni ya dubi kayan.

"Akawu, kai ne kullum kake hana ni narka su. Yau kai ka kawo su da kanka in ɓata?"

"Ba narkawa ba. Kawunan kawai."

Ya ɗauki macijin ya kai shi kusa da ido. "Wanda yay yi wanga gemu ya kwana biyu a kai. Ka tabbata?"

"Ajiye shi, shi ne na ƙarshe. Fara da kwaɗon."

Ni na riƙe masa kowanne a kan uwar maƙera, shi yana goga magagari. Kwaɗo ya tafi, zalɓe biyu suka koma kamar sanduna, ɗan mai kamun kifi ya rage kafaɗu da malfa babu fuska. Garin tagulla yana zuba a kan rigata, rawaya, inda aka goge yana ƙyalli kamar sabo. Da aka zo kan kyautar Malam Dikko, Kakale ya tsaya ya ba ni lokaci in canza shawara. Na ce ya ci gaba. Na juya fuskata wajen titi, amma hannuna yana jin kowane ja na magagarin. Abin mamaki, da ya gama na ɗaure bakin buhun, sai na ji ƙirjina ya yi sauƙi irin wanda ban ji ba tun farkon damina. Na tsaya a bakin rumfar na sha fura ludayi biyu, na ji daɗinta.

Daga nan Argungu na wuce, ban biya gida ba. Na shimfiɗa su a kan buzun Yaya a zaure. Ya ɗauki macijin ya shafa wurin da aka goge da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa.

"Na ɗauka gardama za ka ci gaba da yi," ya ce. "Shiga ka gaya ma Inna ta shirya."

Kafin in fito daga ɗakin Inna an kawo tuwon sabuwar shinkafa da miyar kifi. Kwano ɗaya aka kawo. Yaya ya wanke hannu ya turo mini ruwan.

Da likitocin suka zo, ido ɗaya aka fara yi mata, na dama. Kwana uku tana kwance da bandeji, an hana ta tari da sunkuyawa, ni da Yaya muna zaune a kan benci a baranda kamar masu jiran hukunci. Ranar da za a buɗe aka bar mu muka shiga. Likita ya warware bandejin, ya goge idon, ya ɗora mata wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Inna ta lumshe ido ta buɗe. Ta dubi likita, ta dubi taga, ta dube ni ta ce, "Manu." Sannan ta dubi Yaya. Kun san ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

"Wane tsoho ne wanga kusa ga Manu?"

"Ni ne, Inna."

"Kai ne? Yaushe gemunka yay yi hwari haka, ba wanda yag gaya min?"

Duk ɗakin aka fashe da dariya, har marasa lafiyar da ke rufe da bandeji. Yaya ya yi dariyar shi ma, sannan ya rufe fuska da hannun riga ya fita baranda. Na bi shi na ishe kafaɗunsa suna rawa. Na tsaya kusa da shi har ya gama.

A makon farko ta sake ganin masu malfa sau biyu, daga nan suka tafi ba su dawo ba. Har ya rasu, Yaya yana ganin goge kawunan nan ya taimaka. Ni ina ganin wuƙar likita ce, da ikon Allah. Ba mu taɓa yin musu a kai ba. Abin da na sani shi ne, shi tsoro yake ji wa uwarsa, ya kuma yi abin da iliminsa ya nuna masa. Ni kuwa na ga uwata tana ramewa wata uku kafin in iya rabuwa da kan maciji na ƙarfe. In akwai wanda za ku ga laifinsa a wannan labari, ba Baffanku ba ne. Ban sake sayen kurtu ba tun daga shekarar. Wani mai neman tsofaffin kaya ya taɓa zuwa daga Kano, ya ɗaga su ya ga wurin gugar, ya mayar ya ce an kashe su. Na ce masa na sani, ina wurin. Inna ma da ta nemi a miƙo mata macijin ta gan shi babu kai, cewa ta yi mun ɓata abu mai kyau, mu biyu, manyan banza.

Ranar da aka sallamo ta, maƙwabta suka cika gidan, har waɗanda suka daina shigowa. Inna ta ƙi zama. Da tabaraunta mai kauri ta zaga ko'ina, ta leƙa madafa, ta leƙa rumbu, ta kama ku ɗaya bayan ɗaya tana duba fuskokinku, ta ce Aminu kunnen kakansa ya ɗauko. Sai ta tsaya a gaban katangar da damina ta zaizaye, ta riƙe ƙugu.

"Ashe haka kuke zaune? Maza biyu da gemu, katanga tana shirin faɗuwa a kan jikokina. Babu wanda za shi Argungu sai an gyara ta."

Washegari ni da Yaya muka tuɓe manyan riguna muka kwaɓa ƙasa da ƙafa, akawu mai shekara kusan hamsin da malami mai kusan sittin. Yana miƙo mini curi ina yaɓawa, taɓo har gira. Luba tana madafa tana dariya a ɓoye. Inna ta sa aka ajiye mata kujera a inuwar darbejiya, ta zauna ta gyara tabarau, tana bin hannunmu da ido. Da rana ta take muka ja baya muna haki, muka ce mun gama. Ta ɗaga sandarta ta nuna can sama wajen kusurwa.

"Ga wani ɗan rami can kun bari. Ina ganinai sarai."